Tomeji, Mai Ɗaure Itatuwan Ƙauyenmu

Kafin dusar ƙanƙara ta sauko, da sanyin safiya za ka ga Sugawara Tomeji da tsani a kafaɗa, da damin igiyar karan shinkafa a baya, yana bin lambunan ƙauyenmu gida-gida. Sai ya kafa gora a gindin itace, ya ɗaure rassa ɗaya bayan ɗaya don kada nauyin ƙanƙara ya karya su. Idan ta fara narkewa ya dawo ya kwance, ya yanke abin da ya mutu, ya zuba taki. Tun yana saurayi yake wannan, ga shi yau ya haura tamanin.

Ƙauyen ne ya yi ta zubewa a gabansa. Samari suka tafi birni, tsofaffi kuwa daga asibiti sai kabari. Duk mai tafiya sai ya kawo masa tukwanen furanninsa ya ce, "Tome-san, riƙe mini, sai na dawo." Ba wanda ya dawo. Ya jera su a taga, nesa da murhu, yana rage musu ruwa a lokacin sanyi, yana kiran kowace da sunan mai ita.

Tomeji, kai ne ka ci gaba da ɗaure itatuwan gidajen da aka rufe, ba mai biya, ba mai gani. Uban marayun tukwane!

Bana, yana cikin ɗaure tsohuwar bishiyar ume, mai fure tun sanyi bai wuce ba, ta makarantar da aka rufe, tsani ya zame da shi, ƙugunsa ya karye. Maƙwabciyarsa Kinu, wadda ita ma da sanda take tafiya, ta karɓi tukwanen. Da ta je duba shi a asibiti, bai ko bari ta zauna ba.

"Kinu-san, yaya yaran?"

"Kullum sai na ba su ruwa, safe da yamma."

"Kullum? A cikin wannan sanyi? Kin kashe su da ƙauna, tsohuwa!"

"To, da ka faɗa mini kafin ka faɗo, sarkin hawa tsani."

Suka yi dariya, daga nan ta fashe da kuka, ta faɗa masa abin da ya faru. Rabin tukwanen saiwarsu ta ruɓe. Bishiyar kuwa, da ba a gama ɗaure ta ba, ƙanƙara ta tsaga ta gida biyu. Tomeji ya juya fuskarsa ga bango.

Ƙanƙara ta narke, amma ba zai dawo ba. 'Yarsa za ta ɗauke shi zuwa birnin Sendai, ɗaki a saman bene, ba ko tafin hannu na ƙasa.

Mun gode, Tome-san. Mun daɗe muna shan inuwar aikinka ba mu ce komai ba. Da na so in ce matasa su yi koyi da kai, sai na duba ban ga matasan ba. To, duk wanda wannan saƙo ya isa gare shi, sauran tukwanen suna gidan Kinu, sun fara toho, ita kuwa ba ta iya ɗaga ko guda ta kai ta rana.