Ranar da na bar Yayata a cikin jirgin ruwa

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Shekara biyu ke nan ina juya wannan magana a raina, yau na ce bari in sauke ta, ko wata za ta tsira daga irin wautar da na tafka.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a nan Gombe, ina zaune a Herwagana, kuma ni ce sakatariyar zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Duk wanda ya san ni ya san ba na son a koya mini aikina. In biki ne ni ce mai tsara kujeru, in tafiya ce ni ce mai neman mota. Ga saurin baki, ga saurin fushi, ga yarda da kai fiye da kima. Yayata kuwa, wadda nake bi, ita ce ta yi shekaru tana ba da waƙa a zumunta, kafin hatsarin mota ya taɓa mata ƙashin baya. Tun daga nan take kan keken guragu. Shekara uku ba ta leƙa taron zumunta ba. Sau ɗaya aka kai ta coci, samari suka ciccibe ta da keken gaba ɗaya saboda matakalar ƙofa, mutane na ta yi mata sannu, ta dawo gida ta ce ba za ta ƙara ba. Ta ce gara ta yi addu'arta a ɗaki da a riƙa ɗaga ta kamar buhun masara a gaban matan da ta koya wa waƙa.

Da zumunta ta yanke shawarar fita shan iska ranar Litinin ta Ista, sai na ga dama ta samu. Tsarin shi ne mu je madatsar ruwan da ke gabas da gari, mu shiga jirgi mai inji, ya tsallaka da mu wancan gefe inda akwai inuwar mangwaro, mu sauka mu ci abinci mu yi waƙe-waƙe. Na dami Yaya da naci har sati biyu. Daga ƙarshe ta yarda, har ta ce in tafiyar ta yi kyau za ta koma koyon waƙa na ranar Alhamis. Amma ta kafa mini sharaɗi biyu: ba za a ɗaga ta ba, kuma ba za a raba ta da kekenta ba. Na rantse mata cewa na san wurin, akwai gangaren siminti da ya sauka har bakin ruwa, jirgi kuma a jikinsa yake tsayawa.

Ba ƙarya na yi ba, na gani da idona. Sai dai a ƙarshen damina na gani, lokacin da na raka 'yan makarantarmu, ruwa ya cika ya tumbatsa. Maigidana ya ce in sake zuwa in duba tunda yanzu bazara ce, na hau shi da faɗa, na ce shi da ko shayi ba ya iya haɗawa ne zai koya mini shirya tafiya. Abin da na yi kawai shi ne na kira mai jirgin a waya, na tambaye shi ko za su iya ɗaukar mace mai keken guragu, ya ce ba matsala, mu dai mu zo. Ni da aka haifa a garin nan na san abin da wannan amsa take nufi. A wurinmu in ka tambaya ko mai keke zai iya shiga wuri, kowa zai ce maka zai iya, domin a ransa akwai ƙarti huɗu da za su ɗauke shi. Na sani sarai, amma amsar ta yi mini daɗi, sai na kashe waya.

Ranar tafiya Yaya ta riga kowa shiryawa. Ta ɗaura zanen zumunta da ya daɗe a akwati, ta ja jikinta da kanta ta hau kujerar gaba ta bas ɗin da na ɗauko daga Bolari, muka naɗe keken muka sa a baya. A hanya har tsokanar mata take yi, tana cewa muryoyinsu sun yi tsatsa tunda ta tafi. Rabon da in ji dariyarta haka har na manta.

Muna isa na sauka na duba. Gangaren siminti yana nan, amma ruwan ya janye can nesa, jirgin ma da ƙyar ake hango shi. Tsakaninmu da shi yashi ne da busasshiyar laka da gonakin rani. Na daure na fara tura keken, ƙananan tayoyin gaba suka nutse, na ja baya, na sake turawa, gumi na zuba, keke ko motsi. Yaya ta taɓa hannuna ta ce mini da yarenmu na gida, a hankali, in bar ta a gindin bishiyar da ke kusa da mota, tana da kekenta, za ta jira mu, ba ta damu ba. Wannan ita ce gaɓar da ta fi cin raina har yau. Na ƙi. Mata talatin sun zuba mini ido, ni kuma na gama cika baki a gabansu cewa ni ce zan dawo da Yaya cikinmu. Na ɗaga murya na kira masunta huɗu, suka kama keken ta kowane gefe suka ɗaga. Ta runtse ido har muka kai bakin ruwa.

A bakin jirgi wata sabuwa ta taso. Mai jirgin, wani dattijo mai furfura, ya duba mu ya duba kayanmu, ya ce jirgi ya cika, ko dai kulolin abinci su shiga ko keke, ba za su shiga tare ba, kuma shi ba zai ƙara nauyi ya halaka mutane ba. Na yi ta masifa a banza. Shugabarmu ta ce in yanke shawara, rana tana yi. Edita, ina jin kunyar rubuta wannan, amma kuloli na zaɓa. Na ce ai shinkafar mutum talatin ce. Aka zare Yaya daga kekenta aka dasa ta a kan katakon zama wanda ba shi da majingina, aka bar keken a kan yashi. Tun da jirgi ya tashi hannuwanta biyu suke riƙe da gefensa, domin ƙugunta ba ya iya riƙe ta.

Wancan gefen ya fi muni. Sai an shiga ruwa har gwiwa, sannan a hau wata gaɓa mai tsayi. Mata suka tattare zannuwa suna dira suna shewa. Dattijon ya ce zai goya Yaya ya haye da ita, ta girgiza kai, ta ce in an kai ta can a ƙasa za a zube ta, gara nan. Na ce mata minti goma kawai, in raba abinci in dawo. Daga rabon abinci sai gardamar nama, daga nan sai wata ta ce cokula ba su isa ba, sai shugaba ta ce in karanta tsarin taro. Kafin in ankara an kafa da'ira an fara waƙa, kuma waƙar da Yaya ta koya mana ce aka ɗauko. Har da ni a masu amshi. Fiye da awa biyu na yi a ƙarƙashin mangwaron nan, ita tana cikin jirgi tana jin mu.

Da na sauko da faranti a hannu, na tarar dattijon ya cire babbar rigarsa ya ɗaura a jikin sandar tuƙi ya yi mata inuwa, shi kuma ya koma can ƙarshen jirgi ya juya baya. Leɓunanta sun bushe. Ashe tun jiya da yamma ba ta sha ruwa ba don kada ta buƙaci bayan gida a hanya, amma tun bayan hatsarin jikinta ba ya jiran izininta. Zanen zumuntar ya jiƙe. Da dattijon ya ji mata sun fara gangarowa, sai ya ɗauki roba ya riƙa kwarara ruwa a kan katakai duka, yana cewa wanke jirgi yake yi, kowa ta yi haƙuri ta zauna a jiƙe. Haka ya rufa mata asiri, mutumin da bai taɓa ganinta ba sai ranar.

Ni kuwa, maimakon godiya, sai na huce haushina a kansa, na ce shi ne ya ce ba matsala. Ya amsa mini ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce da na tambaye shi ko keken zai isa bakin ruwa, da ya gaya mini kowace bazara haka ruwa yake janyewa. Ya ce akwai wata mashiga a gaba kusa da ƙauyen masunta, mota tana kaiwa har bakin ruwa, kuma akwai jirgi mai faffaɗan ciki da ke tsallaka da babura, keke zai shiga da mai shi a kai. Tafiyar 'yan mintoci ce daga inda muka tsaya. Na rasa inda zan sa kaina don takaici.

Zaman katakon nan mai zafi ya buɗe mata gyambo a mazaunai, tunda ba ta jin zafi a wurin balle ta gyara zama. Sati shida tana kwance a gefe ɗaya ana wanke shi. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai da ta warke ta ce mini yashin bai dame ta ba, jiƙewar ma ta wuce. Abin da ya tsaya mata shi ne ta ce in bar ta a gindin bishiya ban ji ba. Ta ce tun da ta zauna a keken nan kowa yake yanke mata hukunci, ta ɗauka ni dai zan tambaye ta.

Don haka ina roƙon duk mai shirya fita, ta coci ce, ta makaranta ce ko ta ƙungiya, in akwai mai keke a cikinku, ku je ku ga wurin da idonku a satin tafiyar. Ku tura keke daga mota har inda za a hau, ku tambayi yadda za a sauka a can, da inda mutum zai kewaya. Kada ku karɓi alkawarin za a ɗauke shi, domin ɗauka ba ita yake nema ba. In kuma ya ce a bar shi a nan, ku ji maganarsa, ya fi ku sanin jikinsa.

Yaya ba ta koma zumunta ba. Ta koma wurin ɗanta a Tumfure, ina zuwa duk Asabar, muna hira muna dariya, ta ce ta yafe mini kuma na yarda. Amma duk lokacin da na kai hannu bayan kekenta zan tura, sai ta damƙe tayoyin da hannu biyu, ba ta saki sai na cire nawa.