Hitocin da Masahudu Ya Ƙi Mayarwa

Ranar Talata, tara ga Disamba, 2025, ina fitowa daga aji aka kira ni aka ce Allah ya yi wa Masahudu rasuwa a asibiti a nan Doha, bayan jinyar kwana uku da ciwon zuciya. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Masahudu mai gyaran gas, ɗan Zangon Kumasi, wanda da wuya a sami gidan Bahaushe daga Al-Sadd zuwa Umm Salal da bai taɓa durƙusawa a kicin ɗinsa ba.

Masahudu, zan faɗi gaskiya: ka tafi ina jin haushinka, kuma har yau haushin bai gama sauka ba.

Alherinka kam ba mai musunsa. Kowa ya san ka da ’yar robarka ta ruwan sabulu, kana shafa wa tiyon gas kana jiran ganin kumfa. Ranar sunan ’yar wata ’yar’uwarmu Wasilatu murhu ya mutu da tukunyar shinkafa a kai, mata sun cika falo, ka baro wurin aikinka da tsakar rana ka tashe shi, ka fice ko loma ba ka kai ba.

Amma batun hitata ta ɗumama ɗaki fa? Shekara biyu ke nan, cikin sanyin Janairu. Gidajen nan don zafi aka gina su, in sanyi ya shigo ko tayil ba ya takuwa. Hitar gas ɗinmu ta koma ba da wuta ruwan ɗorawa maimakon shuɗiya, maiɗakina Bilqis kullum tana kukan ciwon kai. Ka zo ka dube ta, ka ce, “Malam, bari in tafi da ita, sai an samu kayan gyara.” Shi ke nan fa! Duk Juma’a in tare ka a ƙofar masallaci, ka yi mini murmushin nan naka ka ce, “Ana nema, Malam.” Na gaji na sayi ta lantarki. Kuma ban yi shiru ba, na sha faɗa a cikin mutane cewa Masahudu mutumin kirki ne amma akwai riƙe kayan jama’a. Allah ya yafe mini.

Bayan an binne ka, matarka Sanatu ta buɗe ɗakin kayan aikinka, ta tarar da hitoci tara, kowace da takarda mai sunan mai ita. Ta ce ba za ta bar mijinta kwance da amanar mutane a wuyansa ba. Tana cikin takaba ta sa ’yan’uwa suka bi gida-gida suka mayar. Na karɓi tawa, na yi maka addu’a, a raina kuwa na ce ashe dai tana nan.

Ranar addu’ar bakwai abokin aikinka Mubarik ya dawo daga hutu a Ghana. Da ya ji abin da aka yi, ya zo gidana a Madinat Khalifa, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, “Malam, ka kunna ta?” Na ce a’a. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya ce duka taran ba su gyaruwa. Iska suke fitarwa marar wari, wadda in ɗaki a rufe yake sai ta kwantar da mutum ta kashe shi. Ya ce ka san halinmu sarai: in ka ce mana mu yar, ba za mu yar ba, za mu ba wani ɗan’uwa sabon zuwa mu ce mun yi sadaka. Shi ya sa ka kwashe su, ka bari muna zaginka.

Haba Masahudu! Me ya hana ka gaya wa matarka? Ka zauna ka rubuta sunayenmu tsaf, amma kalma ɗaya, “lalatacciya”, ta gagare ka? Kunyar gaya wa manya kayansu sun mutu ce, ko kuwa taurin kan nan naka?

Ni da Mubarik mun kwaso takwas. Ta taran ta wani ɗan’uwanmu Sadick ce, shi kuwa ya yi daidai abin da ka ji tsoro. Washegarin da aka kawo masa, ya ba wani direba sabon zuwa da ya gani yana rawar sanyi a masallaci. Bai san sunansa ba, ba shi da lambarsa, ya dai ce a wajen Umm Salal yake zaune. Don Allah, duk wanda ya karanta wannan ya cigita. Ja ce, mariƙinta ɗaya a karye, da sunan Sadick a jiki. Kada a kunna ta, ko na minti ɗaya.

Allah ya jiƙanka, Masahudu, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna makoma, ya sa zagin da ka sha a kanmu ya zama nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta’aziyya ga ’ya’yanka, da danginka na Kumasi, da jama’ar Zango mazauna Doha. Ke kuma Sanatu, Allah ya ba ki haƙuri, ki daina kuka a kan wannan. Mijinki bai ci amanar kowa ba. Guda ɗayar da ta rage, a wuyanmu take.