Tauraruwar da Ake Gani da Hannu

A bencin tashar mota wata tsohuwa ce zaune, tabarau a karan hanci, tana ƙarasa ɗinkin bakin wani bargon faci-faci. Tsohon zanen nan ne mai tauraruwa a tsakiya, sai dai launukan ba su san juna ba, kore a jikin ja.

"Iya, ƙyallayen nan ai faɗa suke yi," in ji mai sayar da tikiti.

"Ba don idonka na yi ba, ɗan nan."

Ashe ba launi ta bi ba, taushi ta bi. Tauraruwar ta karan-miski ce, kewayenta yadi mai kaushi. A gefenta ga jikarta, makauniya, ta kumbura fuska, ta ƙi shiga mota. Da alama makarantar kwana za ta, kuma ba ta taɓa kwana nesa da kakarta ba.

Tsohuwar ta ɗora hannun yarinyar a kan bargon. Yatsun yarinyar suna lalube, kusurwa bayan kusurwa, sai suka tsaya cak.

"Kaka, irin ta gadonki ce!"

"To, ja'ira, motar fa?"

Yarinyar ta rungume bargon, ta miƙe.