Yadda Tabawa Ta Hana Awaki Cin Iccen Gwamnati

Ku matso kusa, yau sai na faɗa muku asirin Tabawa, wanda ko maigari bai sani ba. Amma ku dakata ku san ko wace ce tukuna, don kada ku ce hassada ke ci na. Ni Kulu, mi zan yi ma hassada? Sharet, amalanken nan, da jakin da gwamnati ta ba ta? Ban ko kalle su ba. Jakin ma tabo gare shi bayan kunnen hagu.

Tabawa taubashiyata ce, ɗiyar ƙanen uwata. Tare munka tashi cikin fadamar Majiya, kusa da Buza. Tun tana yarinya ba ta da faɗa, sai dai ta dube ka ta yi murmushi, kwana uku kana neman abin da ka yi mata. Mijinta Alƙasim ya tafi cin rani Abijan cikin yunwar saba'in da huɗu, ko wasiƙa ba a gani ba. Ya bar ta da ɗiya uku da rumbun da ɓera ma ya yi ƙaura daga cikinshi.

Asirin? Ina zuwa.

Shekara huɗu bayan haka gwamnati ta kawo aikin dasa bedi, wato dogon yaro, layi-layi don tare iskar da ke kwashe muna ƙasar gona. Kowace mace anka ba ta icce ɗari, duk wata kuma ana raba dawa da mai. Sharaɗi guda anka gindaya: in shekara ta zagayo kontorola zai zo daga Tawa shi ƙidaya. Garin da iccenshi ya mutu, a cire shi daga kasafin baɗi a kai aikin wani wuri. Mu masu maza a gida, asara ce dai. Tabawa kuwa, dawar nan ita ce tuwon ɗiyanta.

Rani na shigowa awaki sunka faɗa muna. Nawa layin, icce goma sha ɗaya sunka rage, su ma sai ka durƙusa kake ganin su. Na Tabawa fa? Kore shar, kamar ita kaɗai ake ma ruwan sama. Da idona na ga Surajo makiyayi, wanda bai taɓa gudu ba ko ranar da gobara ta kama ɗakinshi, shina sheƙa gudu don akuya guda ta doshi layinta. Munka ce laya ta binne. Wasu sunka ce har Madawa ta je wurin boka. Ni ce wasun.

Ana gobe kontorola zai zo, maigari Halidu ya tara mu ya kawo dabara. Bayan sallar asuba munka sassare rassan babban bedin kasuwa, munka kafa cikin kowane ramin da icce ya mutu, munka yayyafa ruwa. Wallahi fadama ta koma kamar gonar sarki. Tabawa kaɗai ta ƙi, wai ramukanta tara a bar mata su haka nan.

An ce da hantsi zai iso. Motarshi ta kafe cikin rairayin ƙorama, bai zo ba sai bayan azahar. Kafin nan rassanmu duk sun sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki. Ya sauko da kayenshi, littafin nan nashi na rubutu, ya dubi layi ashirin, cikin ikon Allah sai nawa ya zaɓa. Yatsa biyu ya sa ya zaro reshe.

"Madam, ina saiwar?"

Ni ma na taɓa nawa Faransancin, na ce, "Mushe, kunyar baƙi take ji."

Bai yi dariya ba. Ya rufe kaye ya nufi mota. Sai ga Tabawa ta sha gabanshi da ɗan autanta a hannu.

"Mushe, ka taka har layina. In ka tumɓuke ko guda, tafi da aikinka."

Bawan Allah ya bi su ɗaya-ɗaya shina ja, gumi ya jiƙe mishi riga har wando. Tis'in da ɗaya, ko guda bai motsa ba. Nan ya rubuta a bar aikin garinmu shekara guda kuma, amma duk layukan su koma hannun Tabawa, a ba ta sharet ta jigilar ruwa. Ni da munka sha nono kusan tare, yanzu ita ke nuna mini inda zan gina rami!

Kwana bakwai tuwo bai yi mini daɗi ba. Ran na takwas da la'asar na hango ta ita da Surajo wurin sabon dashe, na laɓe bayan shingen ƙaya.

"Surajo, ka ga uwarka ta bara? Har ta fi ka tsawo. To bana wanga na uku, sunan kakarka na raɗa mishi. In akuyarka ta taɓa shi, bakin rijiya zan tsaya in ce akuyar Surajo ta cinye Jima."

"Inna, don Allah rage murya!"

To kun ji asirin. Duk mai akuya a garin nan ta keɓe shi ta nuna mishi iccen da ta raɗa ma sunan uwa tai ko uba nai cikin layi. Wa zai buɗe baki shi kira sunan wadda ta haife shi, balle shi ce icce ce? Kowa ya haɗiye nashi, shina zaton shi kaɗai ne.

Surajo ya ce, "Wancan karkataccen fa, Inna, mai leƙe bisa shinge?"

"Wagga Kulu ce. Ba ta damu da ruwa ba, zancen mutane ke raya ta."

Ban ko gama haɗiye miyau ba ta ɗaga murya, ba ta ma waiwayo ba.

"Kulu, ɗankwalinki na rataye ga ƙaya tun ɗazu. Fito, taubashiya. Ga bidon ruwa nan, zo ki ba kanki ruwa."