Bidon Laka Zuwa Dogon Dutsi

Mun tashi daga Dumega da asuba, ni da gwaggona da bido guda, wato jarka, cike da laka mai wari. Lakar daga tabkin da innarmu ke ban ruwan zogalenta na ɗebo ta. Tun da masu rinin shadda suka fara zubar da ruwan bahonsu a ciki, ruwan ya koma shuɗi, ganye sai ƙonewa yake.

Wani ɗalibi ɗan garinmu da ya zo hutu Dogon Dutsi ya ce a waya akwai ƙwayoyin halitta, bakteriya, masu cinye rini. In kawo masa laka daga gefen da launin ya kode, wataƙila suna ciki. Washegari zai koma Yamai.

Kuɗin mota jika biyu kowa, bido ma aka ce sai ya biya dala ɗari kamar mutum. Hanya rairayi ce zalla kafin titi, sau biyu muka sauka turin mota. Rana na ɗagawa bidon ya fara aikinsa. Wani Alhaji ya toshe hanci da hularsa ya ce, “Yarinya, gawa kika ɗauko?” Na ce masa ya buɗe taga.

Da aka tsaya shan iska na je sayen kopto, kwaɗon zogale ke nan. Dala ashirin, bai cika tafin hannu ba. Na ci ina jin haushi, mu da muke ba maƙwabta kyauta.

Daga nan wari ya ɗauke. Ni sakarya har na ji daɗi.

Ɗalibin na buɗe bidon ya shinshina, ya dube ni. “Wa ya sa jabel?” Ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta yake nufi.

Gwaggo ta gyara lulluɓi. “Ni ce, ɗana. A shiga gidan mutane da ƙazanta? Murfi uku kawai.”

Ya ce duk abin da ke da rai a ciki ya mutu. Ya ƙara da cewa ko da sun rayu, aikin na shekaru ne, ba na bana ba. Wannan bai faɗa mini a waya ba.

Muka kamo hanyar gida. Wane laifi zan ɗora wa gwaggo? Tsabta ta yi.

Mun iso da la’asar, na tarar da inna a garka, lambunta ke nan, tana kwara wa zogale ruwan nan shuɗi, don babu wani. Ta ce, “An dace?” Na ce a’a. Ba ta ko ɗago ba.

Abin da na koyo, maganin yana nan, amma zogalen inna ba zai jira shi ba. Na wanke bidon, na kama mata ɗiba.