Sauran Ƙwayoyin Baba

A jinjina wa yayana Habu, sarkin tattalin Gezawa, mutumin da ko ƙanzo ba ya bari a tukunya.

Jiya wanzami ya yi wa Babanmu ƙaho, jini ya ƙi tsayawa. Rawaninsa ya jiƙe sharkaf kafin mu isa asibiti.

Baba dai zuciyarsa ba ta bugawa daidai, ya daɗe yana shan maganin tsinka jini. Watan jiya likita ta canza masa wani, ta ce a daina tsohon kwata-kwata.

Jiya da likitar ta gan mu ta ce, "Kun dai daina ba shi tsohon ko?"

Yaya Habu ya gyara hula. "Haba likita, kati uku fa ya rage! A zubar? Almubazzaranci haramun ne. Haɗa masa nake, tsohon da safe, sabon da yamma."

Ta ce, "To Malam, jinin mahaifinka da ya malale a ƙasa, shi halal ne?"

An ƙara wa Baba jini, ya farfaɗo, alhamdulillahi. Muna fitowa Yaya ya raɗa min wai in nemo wani tsoho a ba shi sauran maganin sadaka.

Jama'a, akwai wanda ya gaji da kakansa?