Allon da Ya Raba Malam Sodangi da Ɗan Ƙanwarsa

Malam Sodangi ɗan maƙeri ne daga Wurma, amma bai gaji zugazugi ba, alƙalami ya kama. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wata rumfa kusa da tashar Dutsin-Ma, yana rubuta wa mutane takardun koke da na neman aiki, da boko da ajami. Ga shi da zafin rai. In ka faɗi kalma ba a muhallinta ba, sai ya ajiye biro ya wanke ka tas kafin ya ci gaba.

Bara waccan, Khalil ɗan ƙanwarsa ya gama jami'a, ya buɗe shagon kwamfuta daura da rumfar. Ya kafa allo: "Muna rubutu da ƙirƙirarriyar basira." Sodangi na gama karantawa ya tsallaka titi, ko sallama babu.

"Kai, ka san ma'anar abin da ka rataya?"

Khalil ya ce, "Kawu, haka ake ce mata a rediyo. Na'ura ce mai tunani."

"Tunanin banza! Basira Larabci ce, tushenta ɗaya da basaru, wato gani. Ganin zuci ake nufi, wanda Allah ke ba bawansa. Yaushe ƙarfe ya yi zuciya? Ƙirƙira kuwa, ni a maƙerar ubana na san danginta, ƙira. Kuma in Bahaushe ya ce an ƙirƙiri magana, ƙarya yake nufi. Rabin allonka ne kaɗai gaskiya: ƙirƙirar."

Mutanen teburin mai shayi suka kwashe da dariya. Khalil ya murtuke fuska ya ce, "To Kawu, mu ga wanda jama'a za su zaɓa."

Khalil suka zaɓa. Takardarsa kan fito nan take, kuma ba ya yi wa kowa faɗa. Sodangi sai ya wuni daga shi sai ƙudaje. Haushi ya sa ya hana matarsa Batula taka gidan ƙanwar tasa, ya kuma ƙi zuwa sunan 'yar Khalil. Da dattawa suka sa baki, ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, a sauke allon nan. Khalil na jin haka sai ma ya sa wa allon fitila mai launi.

Da damina ta faɗi, Sodangi ya ɗora bencinsa a mota ya koma Wurma noman gero. Har yau in kasuwa ta kawo shi Dutsin-Ma, ta bayan tasha yake zagayawa, don kada ƙafarsa ta taka layin shagon Khalil.